Shekara guda da akantocin da suka duba mana baiko da jarin coci

A watan Nuwamban 2024 majalisar cocinmu ta yarda a ɗauki wani ƙaramin ofishin akantoci, waɗanda ba su da aikin da ya wuce lissafin coci-coci da limamai da ƙungiyoyin agaji, su zauna su duba mana duk inda canjin haraji yake taɓa baikon jama'a da ɗan jarin da muke da shi. Ni ne ma'aji, ni na yi ta kai da komowa da su, don haka ni ya kamata in faɗi yadda aka yi. Ba zan kama sunan ofishin ba. Akwai inda zan yaba musu ƙwarai, akwai inda zan kushe, su kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma da wannan sana'a suke ci da iyalansu. Irinsu suna da yawa a Ingila. Burina ma'ajin da zai nemi irin wannan hidima ya san abin da zai tambaya kafin ya sa hannu.

Cocinmu na ɗarikar Anglikan ne, ginin dutse da ya haura shekara ɗari, yana cikin gine-ginen tarihi da hukuma ta yi wa rajista. Ni ma'aikacin jinya ne, ban karanci lissafin kuɗi ba. A 2019 aka miƙo mini littattafan, saboda dattijon da yake riƙe da su ƙarfinsa ya ƙare. Na karɓa da tunanin da yawancin 'yan majalisarmu suke da shi, cewa coci ba ya biyan haraji, saboda haka duk abin da ministan kuɗi zai karanta ranar kasafi ba ruwanmu da shi. Ranar 30 ga Oktoban 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta karanta kasafinta na farko. A ciki ta ƙara kuɗin inshorar ƙasa, wato harajin da mai ɗaukar ma'aikaci yake biya a kan albashi, daga kashi 13.8 zuwa kashi 15 cikin ɗari, ta kuma sauko da inda ake fara biya daga albashin fam 9,100 a shekara zuwa fam 5,000. Washegari baiwar Allah da take riƙe mana ofis kwana uku a mako ta kira ni, muryarta na rawa, tana tambaya ko za a rage mata kwanakin aiki. Na rasa abin da zan ce mata. Dalilin neman taimakon ke nan.

Babban akantan dattijo ne mai magana a hankali. Ranar da ya fara zuwa na jera masa takardun banki na shekara uku, na kunna kwamfuta. Ko kallonsu bai yi ba, sai ya ce, “Littattafan waɗanda suka riga ka, ina suke?” Muka buɗe kabad ɗin ƙarfe da ke ɗakin da limami yake sa rigunan sujada. Littattafai ne masu koren bango, sun sha laima har gefensu ya kumbura, an cika su da rubutun hannu na shuɗin tawada, kowace lamba a tsaye kamar an auna da magwaji. Ya ɗauko na 1996 ya buɗe a kan teburin da ake ƙirga baiko, ya ɗora yatsa a wani layi na gefen dama da aka rubuta wa suna, harajin da aka dawo mana kan ribar hannun jari. Ya ce in bi layin nan shekara bayan shekara. Na bi. Lambar tana nan da ƙibarta har 1999, daga nan ta soma ramewa, kowace shekara ta fi ta baya ƙanƙanta. A 2004 tsohon ma'ajin ya ja ɗan layi a gurbin. A littafi na gaba ko gurbin bai zana ba.

Ga abin da ya faru. Wata baiwar Allah ta bar wa cocin gado tun kafin a haifi yawancinmu, aka zuba shi a asusun hannun jarin kamfanonin Birtaniya, ana ɗebe ribar ana biyan wuta da ɗumama gini. A wancan zamani, idan kamfani ya raba riba, doka tana ɗauka an riga an biya haraji a kanta, wanda haraji bai hau kansa ba kuma, irin coci, sai ya je ya karɓo wannan kaso. Fam 80 ta shigo, a bi ta da fam 20 daga hukumar haraji. A kasafin Yulin 1997 ministan kuɗi na lokacin, Gordon Brown, ya soke wannan tsari. Asusun fansho nan take aka yanke musu. Ƙungiyoyin agaji an ɗaga musu ƙafa zuwa Afrilun 1999, sannan aka ba su diyya ta shekara biyar mai raguwa, daga kashi 21 har ta sauka kashi 4, ta ƙare a Afrilun 2004. Wato ba wanda ya ɗora wa coci sabon haraji, amma kashi ɗaya cikin biyar na abin da gadon nan yake kawowa ya tafi, kuma bai dawo ba. Da na koma rahoton taron majalisa na waɗancan shekaru, sai na tarar an yi ta ɗora laifi kan kasuwa da kuma masu juya mana jarin. Ruwa ba ya tsami banza, amma su ba su gano inda tsamin ya fito ba. A daidai wannan lokaci ne kuma, daga Janairun 1998, nauyin fanshon limamai na aikin da za su yi nan gaba ya sauka daga kan Kwamishinonin Coci, masu riƙe da babban jarin Cocin Ingila tun 1948, ya koma kan dayosis-dayosis, wato yankunan coci da kowanne yake ƙarƙashin bishop, wanda a ƙarshe daga aljihun ikkilisiyoyi irin tamu yake fita. Kuɗin shiga ya ragu, kason da ake biya wa dayosis ya ƙaru, duk a tsakanin 'yan shekaru.

Wannan awa guda da ya yi yana bin tsofaffin littattafai da ni, a wurina ita ce mafi daraja cikin dukan aikin. Ba kwabo da ta dawo mana da shi. Amma daga ranar na daina cewa haraji bai shafe mu ba.

Sai ya juyo kan Gift Aid, wanda shi ne ƙashin bayan kuɗinmu. Ga wanda bai san shi ba, tsari ne da aka kawo a 1990, lokacin John Major yana ministan kuɗi. Mai biyan haraji ya ba ƙungiyar agaji kyauta, ya sa hannu a takardar shaida, ƙungiyar ta je ta karɓo harajin da ya riga ya biya a kan wannan kuɗi. Da farko sai kyauta ta kai fam 600 take shiga, a shekarar 2000 aka cire wannan sharaɗi gaba ɗaya, fam ɗaya ma ta shiga. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne, abin da coci yake karɓowa yana rataye ne da matakin farko na harajin kuɗin shiga, wato kason da yawancin masu biyan haraji suke biya. Lokacin da matakin yake kashi 25, kowace fam tana jawo kwabo 33. Da ya sauka kashi 22 a shekarar 2000, sai ta koma kwabo 28. A Afrilun 2008 ya sauka kashi 20, ta koma kwabo 25, sai dai gwamnati ta cike giɓin na shekara uku, har zuwa Afrilun 2011. Ranar da aka rage wa jama'a haraji kowa yana murna, ni ma ina ciki, ashe a ranar nan baikon da muka sa a ambulan ya rage nauyi. A kowace fam 10,000 ta baiko, fam 300 da 'yan kai ne suke ɓacewa duk shekara tsakanin kwabo 28 da kwabo 25. Akantan ya ba ni shawara ɗaya wadda na rubuta a bangon littafina: duk ranar da aka ji ana maganar rage matakin farko, a sake lissafin kasafin coci tun kafin dokar ta fara aiki.

Daga nan ya yi tambayar da ta hana ni barci. Ya karɓi jerin masu takardar shaida, ya ce, “Cikin waɗannan, su wa suka yi ritaya, su wa suka rasa miji ko mata, tun ranar da suka sa hannu?” Na ce me ya haɗa wannan da lissafi? Ya ce takardar shaida ba ta tsufa, amma halin mutum yana canjawa. Coci yana karɓo harajin da mai bayarwa ya biya ne. Idan bai biya haraji a shekarar ba, ko abin da ya biya bai kai abin da aka karɓo da sunansa ba, doka ta ce shi zai cike bambancin. Tun Afrilun 2016 ma wannan gargaɗi yana rubuce a jikin sabuwar takardar shaida. Namu tsofaffin takardu ba shi a jikinsu. Kuma dokoki sun yi ta fitar da mutane daga sahun masu biyan haraji ba tare da sun lura ba. Abin da mutum zai samu a shekara kafin haraji ya hau kansa fam 6,475 ne a 2010, zuwa 2021 ya kai fam 12,570. Tun 2016 bankuna suka daina cire haraji daga ruwan ajiya, fam 1,000 ta farko ta ruwan ma ba haraji a kanta ga mai matakin farko. A 2016 ɗin kuma aka soke kashi 10 da ake lissafawa kamar an biya a kan ribar hannun jari, wanda da shi wasu tsofaffi suke rufe Gift Aid ɗinsu.

Mutum bakwai na sa wa alama. Ɗaya daga cikinsu wata tsohuwa ce da duk coci muke kira Mama, ta haura tamanin, ta yi aikin dafa abinci a makarantar firamare har ta yi ritaya. Ta sa hannu a takarda tun tana aiki. Duk Lahadi ambulan ɗinta yana cikin faranti, fam 10, an naɗe takardar kuɗin gida huɗu. Na je gidanta wata Asabar da yamma, na rasa ta inda zan fara, don tambayar dattijuwa abin da take samu ba ƙaramin nauyi ba ne. Na ce, “Mama, ki yi mini aikin gafara, wata tambaya ce ta kawo ni, ba don ina son sanin sirrinki ba.” Ta ce, “Ɗana, tambayi abinka.” Ta tashi da sandarta ta ɗauko wani gwangwanin biskit cike da wasiƙu, muka baje su a kan tebur. Fanshon gwamnati ne, da ɗan abin da mijinta ya bari a banki. Duka bai kai fam 12,570 ba. Shekaru ke nan ba ta biya kwabo na harajin kuɗin shiga ba, mu kuwa duk shekara muna karɓo fam 130 da sunanta. Da na yi mata bayani sai ta dafe ƙirji ta ce, “Wato na ci bashin gwamnati ban sani ba? Ni da na zo bayarwa?” Idonta ya cika da hawaye. Na ce mata laifin ba nata ba ne, mu ne ya kamata mu riƙa tambaya.

A nan ofishin ya nuna ƙwarewa da kuma mutunci. Sun rubuta mana yadda za a soke takardar shaidarta daga ranar da ya dace, suka lissafa abin da aka karɓo ba bisa ƙa'ida ba a shekarun da suka gabata, majalisa ta amince coci ya mayar daga asusunsa, aka cire shi cikin buƙatar Gift Aid ta gaba da muka tura wa hukumar haraji. Wasiƙa ko ɗaya ba ta je gidan Mama ba. Cikin mutum bakwai ɗin, huɗu aka samu a irin halinta. Sun kuma tsara mana gajeriyar wasiƙa mai taushin harshe da muke aika wa kowa duk watan Afrilu, farkon shekarar haraji, muna tambaya ko wani abu ya canja. Abin yana da fuska biyu. Tunda an tsayar da adadin da ba haraji a kansa a fam 12,570 tun 2021 alhali fansho yana ƙaruwa, wasu da suka fita daga haraji sun sake shiga, kuma mutum biyu sun sa hannu a sabuwar takarda ta dalilin wasiƙar nan.

Inda suka dawo mana da kuɗi a hannu shi ne tsarin ƙananan kyaututtuka, wanda aka fara a Afrilun 2013. Kuɗin da aka jefa a faranti ba suna ba takarda, shi ma ana iya karɓo kwabo 25 a kan kowace fam, muddin kyautar ba ta wuce fam 30 ba. Iyakar abin da ake lissafawa a shekara fam 8,000 ne tun 2016, wato har fam 2,000 ke nan za a iya samu, kuma tun 2017 na'urar da ake ɗora kati a kanta ta shiga ciki. Ban taɓa nema ba, na zaci sai da takardar shaida. Gift Aid ana iya komawa baya shekara huɗu, wannan kuwa shekara biyu kacal bayan ƙarshen shekarar haraji. Mun ceto shekara biyu, sauran sun wuce. Sun zana mana takardar ƙirga baiko mai gurbin kowace irin takardar kuɗi, mutum biyu su ƙirga su sa hannu, idan aka ga takardar fam 50 a ware ta gefe don ta haura iyaka, sannan a kai kuɗin banki. Abin da muka karɓo na shekara biyun nan ya biya kuɗin aikinsu har da saura.

Maganar da ta kai mu wurinsu tun farko kuwa cikin minti goma ta ƙare. Kasafin da ya ƙara kuɗin inshorar ƙasa shi ne kuma ya ɗaga rangwamen da ake yi wa ƙananan masu ɗaukar ma'aikata daga fam 5,000 zuwa fam 10,500, ƙungiyoyin agaji suna ciki, mu da ma'aikata biyu na wucin gadi rangwamen ya rufe mu ruf. Na kira baiwar Allah ta ofis a daren, na ce ta kwantar da hankalinta. Akantan dai ya gargaɗe ni cewa dayosis mai biyan ɗaruruwan mutane rangwamen nan ba zai kai shi ko'ina ba, mu sa ido a kan kason da za a nema daga gare mu. Ya kuma nuna mini harajin da muke biya ba mu sani ba, na kan kuɗin inshorar gini, wanda ya tashi daga kashi 6 a 2015 zuwa kashi 12 a Yunin 2017. Inshorar tsohon ginin dutse ba abin wasa ba ce.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci.

Muna tsakiyar gyaran rufi a lokacin. A 2001 gwamnati ta kawo shirin mayar wa wuraren ibada masu rajistar tarihi harajin VAT da suka biya kan gyara, coci ne ko masallaci ko wurin ibadar Yahudawa. VAT kashi 20 ne tun Janairun 2011, don haka a aikin rufi kuɗi ne mai kauri. A Janairun 2025 aka sanar cewa daga Afrilu ba ginin da zai karɓi fiye da fam 25,000 a shekara. Aikin da ya kai fam 200,000, harajinsa fam 40,000 ne, wato fam 15,000 za ta kwana a kan ikkilisiya. Ranar da na ji labari na rubuta musu ina tambaya me za mu yi da rasitan da ke hannunmu. Shiru. Na sake rubutawa, na buga waya sau biyu. Sai bayan kwana goma sha biyu amsa ta zo. Dalilinsu shi ne ƙarshen Janairu wa'adin miƙa takardun harajin ɗaiɗaikun mutane ne, limaman da suke yi wa aiki sun yi musu yawa. Na gane, amma da sun faɗa mini tun ranar sa hannu cewa a Janairu ba a samunsu, da na san inda zan nufa. Shawarar da suka bayar daga baya daidai ce, mu tattara duk rasitan da aka riga aka biya mu tura kafin ƙarshen Maris, muka yi, aka biya mu. Amma kwana goma sha biyun nan na yi su ne da ciwon kai, ga aikin dare a asibiti.

Babban ƙorafina yana kan jari. Takardar tallarsu ta ce suna duba jarin coci, abin da ya ja hankalin majalisa ke nan. Gaskiya sun bayyana mana ɓangaren haraji sarai. Ruwan ajiyar banki yana zuwa mana cikakke. Ribar kamfanonin Birtaniya ba a cire mana komai, ba a kuma dawo mana da komai, amma harajin kamfanoni da ya tashi daga kashi 19 zuwa kashi 25 a Afrilun 2023 ana cire shi ne tun kafin a raba riba, don haka muna biyansa ta bayan gida. Hannun jarin ƙasashen waje kuwa, ƙasar da kamfanin yake takan cire nata harajin tun daga tushe, kuma ba kullum ake iya karɓo shi ba. Sun kuma tare mu daga wani rami. Wani ɗan majalisa, da kyakkyawar niyya, ya kawo shawarar a ranta wa kasuwancin wani ɗan'uwa a coci wani ɓangare na ajiyarmu, ya riƙa biyan ruwa fiye da na banki. Akantan ya ce doka tana da jerin irin jarin da ta amince ƙungiyar agaji ta zuba kuɗi a ciki, abin da ya fita daga jerin kuma aka kasa nuna don amfanin ƙungiyar aka yi shi, ana iya ɗaukarsa kamar kuɗin da aka kashe ba a kan aikin agaji ba, sai haraji ya hau kan daidai wannan adadi na kuɗin shigarmu. Maganar rance ta mutu a nan, zumunci kuma bai taɓu ba, tunda daga bakin baƙo ta fito.

Amma da na yi tambayar da ta fi damuna sai ya ja baya. Babban Bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 a 2021 zuwa kashi 5.25 a Agustan 2023. Na ce, tunda hannun jari ya daina zuwa da ƙarin da yake zuwa da shi a da, ajiyar banki kuma tana biya, ko mu kwashe wani kaso mu mayar can? Ya ce ba shi da lasisin ba da shawarar inda za a zuba jari, wannan aikin wasu ne daban da hukumar kula da harkokin kuɗi ta ba izini. Gaskiyarsa ce, kuma na fi son mutum ya tsaya inda iliminsa da izininsa suka tsaya. Kuskurensu shi ne rubuta kalmar jari a talla ba tare da faɗin iyakarta ba. Mun shiga da zaton za mu fito da shawara, muka fito da bayani. Har yau gadon yana inda yake, kuma sai mun sake biyan wani kafin mu san ko can ya kamata ya zauna. Duk ma'ajin da zai ɗauki irin wannan ofis, ya yi wannan tambaya a zaman farko, a kuma rubuta amsar.

Rahoton da suka miƙo shafi 41 ne, da harshen da sai akanta. 'Yan majalisarmu akwai direban bas, akwai malamar makaranta mai ritaya, akwai mai gyaran famfo. Dare uku na yi ina mayar da shi shafi biyu da za a iya karantawa a taro. A cikin daftarin farko ma ƙaramin ma'aikacinsu ya lissafa kuɗin hayar zauren coci a matsayin kasuwanci, har ya ce mun kusa haura iyakar da ake yafe wa ƙananan sana'o'in ƙungiyar agaji. Hankalina ya tashi. Da babban ya duba sai ya gyara, ya ce hayar ɗaki zalla kuɗin haya ne, ba haraji a kansa muddin a aikin coci ake kashe shi, sai in mun haɗa da dafa abinci da masu hidima ne zai soma kama da kasuwanci. Ya ba da haƙuri ba tare da kwana-kwana ba, na kuma ji daɗin haka.

Akwai shawararsu guda da na daɗe ina juyawa a zuciya. Sun ce mu riƙa sanar da jama'a hanyoyin bayarwa da doka ta sauƙaƙa. Mai biyan haraji na kashi 40, idan ya ba da fam 100, coci ya karɓo fam 25, shi ma yana iya karɓo fam 25 ta kansa, da yawa kuma ba su sani ba. Wanda ya ba da hannun jari kai tsaye maimakon ya sayar ya kawo kuɗi, ba zai biya harajin ribar sayarwa ba, kuma za a rage darajar hannun jarin daga kuɗin shigarsa da ake yi wa haraji. Wannan ya ƙara muhimmanci tunda ribar da ake yafewa ta sauko daga fam 12,300 zuwa fam 6,000 a 2023, sannan fam 3,000 a 2024. Sai maganar wasiyya. Abin da aka bar wa coci ba harajin gado a kansa, kuma tun Afrilun 2012 wanda ya bar kashi 10 na dukiyar da ake yi wa haraji ga aikin agaji, sauran za a caje shi kashi 36 maimakon kashi 40. Duk gaskiya ne, kuma cocinmu da gadon wata baiwar Allah yake ɗumama gininsa har yau. Amma ni da nake tsayawa a bakin gadon marasa lafiya, ban yarda a hau bagade ana yi wa tsofaffi lissafin abin da za su bari ba. Mutum ya zo sujada ne. Limaminmu ya goyi bayana, muka tsaya a kan 'yar takarda da aka ajiye a bayan coci kusa da littattafan waƙa, mai so ya ɗauka. Akantan ya so a yi fiye da haka, bai kuma matsa ba.

Majalisa ta sabunta yarjejeniya da su na shekara guda, da sharuɗɗa uku da na nema a rubuta: amsa cikin kwana biyar na aiki ko da a Janairu ne, taƙaitaccen bayani na shafi biyu a gaban kowane rahoto, da zama na awa guda cikin mako biyu bayan kowane kasafin gwamnati. Sun karɓi biyu nan take, na Janairu sai da muka ja kafin su yarda. Ikkilisiyar da take da tsohon gini, ko gado da aka zuba a jari, ko tsofaffi da yawa a jerin masu bayarwa, ina ganin kuɗin da za ta biya irin wannan ofis zai dawo mata. Wadda ba ta da ko ɗaya cikin ukun, ma'aji mai haƙuri zai iya yawancin aikin da kansa daga bayanan da hukumar haraji take wallafawa a intanet.

Mama kuwa, bayan an soke takardarta ta yi makonni tana ganin kamar baikonta ya ragu a idon coci. Akantan ne ya tuna mini cewa tsarin ƙananan kyaututtuka ba ya tambaya ko mai bayarwa yana biyan haraji, kuma kuɗin farantinmu bai kai iyakar fam 8,000 ba. Na koma gidanta na ce, “Mama, ki ci gaba da sa fam gomarki yadda kika saba. Fam biyu da rabin nan tana nan tana bin ta, kuma ba wanda zai biyo ki bashi.” Ta sa na maimaita sau biyu. Ranar Lahadi da muka zo ƙirga, takardarta tana cikin faranti, an naɗe ta gida huɗu, na warware ta na rubuta a gurbin fam goma.